Godiya Kafin Sakamako

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Yau na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi ƙasa, ni Martha, mai shekara hamsin da uku da gwiwar da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Bari in rubuta tun da zafinsa.

Wata biyu ke nan da na taɓa baƙon nan, wani ƙullutu a ƙirjina ta gefen hagu, ina cikin wanka. Ban gaya wa kowa ba sai maigidana, Baban Hope. A babban asibiti suka ɗebi ɗan nama da allura, suka ce in dawo bayan mako uku. Mako uku! Ni da ko ruwan shayi ba na iya jira ya tafasa. Jiya na saci jiki na je wani ƙaramin wurin ɗaukar hoton jiki. Mai na'urar ya goga, ya duba, ya ce shi dai bai ga abin tsoro ba, ga alama kitse ne, amma in jira takardar asibiti. Na ce masa to, na fito ina waƙa a titi.

Da aka zo lokacin ba da shaida a taron Zumuntar Mata yau, ƙafafuna da kansu suka miƙe. Na ce musu wani abu ya fito mini a ƙirji, na yi azumi, na yi kuka, Ubangiji ya taɓa ni, an duba babu komai. Maman Tagwai, shugabarmu, ta rangaɗa guɗa, masu tulu suka kama kiɗa. Kafin mu tashi har an yanke magana: ranar Lahadi biyu ga Nuwamba za a raka ni godiya a gaban ikilisiya, mata ashirin da huɗu, duk cikin anko. Wa zai ɗinka? Ni mana. Akwai wata tela a zumuntar bayan ni?

Na gode, Ubangiji. Na gode, na gode.

Laraba, 8 ga Oktoba, da safe

Na ba Baban Hope labari yana shan kunu. Ya ajiye kofin, ya ce, "Martha, takardar asibitin ta fito ne?"

Na ce takardar Allah ta fito, ita ce babba.

Ya ce, "To." Ya ci gaba da shan kununsa. Shekara talatin ina zaune da mutumin nan, bai taɓa murna ba sai ya ga abu a rubuce. Ko ranar aurenmu sai da ya karanta takardar sau biyu kafin ya yi murmushi. Ba zan bari ya zuba mini ruwan sanyi ba.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da rana

Ebele ta kawo atamfar, kore da ruwan ƙwai, da zanen ƙananan tsuntsaye. Shagonta na jikin nawa a nan Romi, shekara tara ke nan. Ita ta sayar, ni in ɗinka, mu yi faɗa da safe mu ci abinci tare da rana. Ta jibge turamen a kan teburina tana haki, ta ce, "Mama Hope, this one na cloth of testimony. Ba ya zuba, ko kin wanke sau ɗari."

Na ce haka ta ce a kan na bikin Kirsimeti, ga shi har yau bokitina ja ne. Ta rantse wannan daban ne. Mun yi dariya har wata mai wucewa ta leƙo.

Na gode don atamfa mai kyau, da maƙwabciya mai baki.

Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan sujada

Fasto Timothy ya karanta sunana a sanarwa. Har ya ce ikilisiya ta yi koyi da bangaskiyar Maman Hope. A ƙofar coci mutane sai riƙe mini hannu suke yi, wata tsohuwa ma ta shafa kafaɗata ta shafa a fuskarta. Gaskiya zan faɗa tunda ba mai karanta wannan sai ni: na ji daɗi. Kaina ya ɗan kumbura.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun kira daga asibiti. Wai in zo gobe, in zo da maigidana.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da yamma

Mun je.

Likitar mace ce, ba za ta girmi Hope ɗina ba, amma ta iya zama da mutum. Ta jawo kujera kusa da ni kafin ta buɗe takardar. Ta faɗi kalmar. Ba zan rubuta ta a nan ba. Ta ce an kama shi da wuri, ta faɗa har sau uku, da wuri, da wuri. Za a yi aiki ranar Litinin uku ga Nuwamba.

Washegarin godiyata ke nan.

Da muka haye gada muka sauka, Baban Hope ya tsaya wurin mai gasa masara ya zaɓo mini mai laushi, irin wadda nake so, ya ɓare ya miƙo mini. Na jira ya ce ai na gaya miki. Har muka iso gida bai faɗa ba. Da ya faɗa da na sami wanda zan yi wa faɗa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da yamma

Na yanka riga huɗu. Almakashin ya dakushe. Na gode.

Asabar, 18 ga Oktoba, da rana

Mun yi sa-in-sa da Baban Hope. Shi ya fara, ya ce in je in sami Maman Tagwai tun ranar ba ta matso ba.

Na ce in gaya mata me? In ce Allah ya fasa? Magana zarar bunu ce, na riga na zare a gaban mata ashirin da huɗu da tulu uku. An karanta sunana a kan bagadi. Na riga malam masallaci, ko in ce na riga fasto coci, kuma duk Romi ta ji. Akwai waɗanda ke jira su ce dama bakin Martha ya fi ƙarfinta. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne a ce na sa sunan Ubangiji a abin da bai yi ba, a yi masa dariya saboda ni.

Sai na faɗa masa dabarata. A yi godiyar ranar Lahadi yadda aka shirya. Litinin in ce na tafi Jos wurin Hope in huta. In an gama aikin, na warware, in dawo, wa ya sani?

Ya ce, "Ta farkon kuskure ce, Martha. Wannan ta biyun ita ce ƙarya."

Na ce ai jikina ne. Ya ce haka ne, ya ɗauki rediyonsa ya fita gindin mangwaro.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan sujada

Na zauna a baya, wai kaina na ciwo. Bakina yana motsi amma ban rera komai ba.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Ban je zumunta ba. Na aika cewa ɗinki ya yi mini yawa, kuma gaskiya ne, an ɗauke wuta tun safe, da keken ƙafa nake yi. Daga nan ina jiyo tulunsu.

Yau ban gode ba. Ka sani, Ubangiji, ba sai na ɓoye maka ba. Na yi azumin kwana bakwai, ka gani da idonka. Me ya rage da ban yi ba?

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma



Christy ta zo awo. Ita ce ƙaramarmu a zumunta, mijinta bakanike ne a Kakuri, bara ta yaye ɗanta na fari. Na zagaya tef a ƙirjinta sai na ji ta ɗan zabura. Na ce na matse ne? Ta leƙa ƙofa, ta rage murya.

"Mama, ni ma ina da shi. A dama. Wata huɗu ke nan."

Na ce ta je asibiti?

"Har mun sa rana da maigidana. Amma da na ji shaidarki na ce masa a bari. Allahn da ya yi wa Maman Hope zai yi mini. Yau kwanana biyar ina azumi."

Fuskarta sai haske take yi, tana kallona kamar na sauko daga sama. Na ce ta dai je a duba, addu'a ba ta hana asibiti. Ta yi dariya ta ce, "Haba Mama, ke da kika ga ikon Allah da idonki?"

Na rubuta awonta. Na ce ta gaida gida. Na bar ta ta tafi, na tsaya a ƙofa ina kallon bayanta har ta sha kwana, bakin nan nawa da ba ya rufuwa ya ƙi buɗewa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da rana

Na ɗinka hannun riga a baibai sau biyu. Rigar Christy ce. Na farke, na ajiye.

Wata huɗu. Nawa wata biyu ne, likita ta ce da wuri.

Asabar, 25 ga Oktoba, da yamma

Ebele ta shigo da abincin rana ta tarar ban taɓa na jiya ba. Ta rufe ƙofar shagon da kanta, ta ce, "Mama Hope, wetin dey do you? Kwana goma ba ki zage ni ba. Ba lafiya ba."

Na gaya mata duka, har da maganar Christy, ban dai faɗi suna ba. Ta zauna a kan ƙyallaye ta yi kuka sosai, har ni na koma ina ba ta haƙuri. Da ta share hawaye kuma sai ta taso mini.

"So na shame dey worry you? Kunya? Kina tsammani Allah tela ne irinki, da zai ɓuya a bayan labule don ranar karɓar ɗinki ta zo bai gama ba? Ke kika sa ranar, ba shi ba!"

Na ce sau ɗaya tak na taɓa ɓuya wa mai ɗinki. Ta ce sau uku, ita ce ma take cewa na tafi kasuwa. Na yi dariya har sai da gefen hagun ya amsa. Rabona da dariya tun ranar da aka kira ni.

Na gode don Ebele. Ban gode don bakinta ba, amma na gode.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da la'asar

Bayan mun ci abinci na bi Baban Hope gindin mangwaro, na zauna kusa da shi. Na ce ban san yadda zan tsaya a gaban bagadi in ce na gode ba, alhali abin yana nan a jikina.

Ya kashe rediyon. Ya ce ya daɗe yana tunanin wani abu duk ranar da ake cin jibin Ubangiji. Yesu ya san abin da ke jiransa washegari, ya san har wanda zai bashe shi yana zaune a teburin, amma da ya ɗauki gurasar sai da ya yi godiya kafin ya gutsura. "Bai jira ya ga yadda za ta ƙare ba," in ji shi.

Sai ya fara lissafa mini da yatsu. Wa ya kai hannuna wurin ranar nan ina wanka? Wa ya sa ban tsaya ga maganar mai hoton kaɗai ba, aka riga aka ɗebi naman? Wa ya ba mu likitar da ta san jawo kujera? Ya ce, "Ke kina neman ya taɓa ki a hanya ɗaya. Ni tun watan Agusta nake ganin hannunsa."

Mutumin nan da ba ya haɗa jimla uku a rana. Na kama hannunsa na riƙe, ban damu da masu wucewa ba. Ina son sa, ko da yake da wuya in faɗa masa kansa ya kumbura.

Litinin, 27 ga Oktoba, da rana

Na rufe shago na je gidan Christy. Na same ta tana wanki. Na ce mata shaidata ba ta cika ba, na yi gaggawa, abin yana nan, ranar Litinin za a yi mini aiki. Na roƙe ta ta karya azumin ta je a duba ta.

Ban taɓa ganin haske ya bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ta ce, "To Mama, in ke ma bai warkar da ke ba, ni wace ce?"

Na fara bayani, ta ce ɗanta ya tashi. Ta shiga ɗaki ta saki labule. Ɗan ma yana makaranta, na sani. Daga ciki ta ce, "Kuma ba ni kaɗai na ji ki ba ranar nan."

Na dawo a ƙafa. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta biyo ni har gida.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Na kira Hope na gaya mata. Ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Gobe za ta taso daga Jos.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da yamma

Na je wurin Fasto Timothy da niyyar in ce a soke godiyar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ma yana da laifi, ya yi sanarwa bai tambaya ba. Sannan ya ce, "Mama, a soke ne?"

Na buɗe baki in ce e, sai na ji na ce a'a. Na ce a bar ta yadda take, a dai ba ni makirufo na minti biyu. A gaban jama'a na faɗa, a gaban jama'a zan gyara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya ce tunda yake bai taɓa jin na yi maganar minti biyu ba, amma zai ba ni.

Asabar, 1 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Ashirin da huɗu cif, na goge, an karɓi ashirin da uku. Saura ta Christy, ba ta zo ba. Baban Hope ya kai mata gida, ya ce mijin ne ya karɓa.

Tsoro nake ji. Na gobe ya fi na jibi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Mun taso daga ƙofar baya da rawa, kore da ruwan ƙwai, tulu na amsawa, caki na tashi, Baban Hope a gefena yana jan ƙafa irin rawarsa ta marasa rawa, Hope a baya. Na duba layin mata sau uku. Babu Christy.

A gaban bagadi Fasto ya miƙo mini makirufo. Na karɓa. Na ce, "'Yan'uwa, na yi muku laifi. Na ce an duba babu komai. Ban jira takardar asibiti ba, kun san ni da gaggawa. Takarda ta fito, akwai komai. Gobe da safe za a yi mini aiki."



Na ce, "Kwana goma sha bakwai na ɓoye don kunya. Ku gafarta mini. Duk wadda ta ji shaidata ta fasa zuwa asibiti, ina roƙonta don Allah ta je. Ba rashin bangaskiya ba ne, ni ma can zan je. Amma godiyar nan ban janye ba. Ya nuna mini abin da wuri. Ya ba ni miji da 'ya da maƙwabciya da ku. Ban san yadda gobe za ta kasance ba, na dai san wanda zai shiga ɗakin nan tare da ni."

Na tsaya. Ba wanda ya ce amin. Na ga Maman Tagwai ta fito daga layi, fuska a ɗaure, na ce shi ke nan, yau zan sha. Ta karɓe makirufon daga hannuna.

"Martha, tun muna 'yan mata bakinki ke riga ƙafarki isa wuri." Mutane suka fashe da dariya, wasu da hawaye a fuska. Ta juya ga masu kiɗa. "Ku kuma me kuke jira? Wa ya ce muku sai an warke ake rawa?"

Ban san daga ina ta samo waƙar ba, a nan take ta ƙaga ta: ban ga ƙarshen hanya ba, Uba, amma na ga hannunka. Mata suka amsa, maza suka tashi, har dattijan da ba sa motsi. Ebele da ta baro nata cocin don ni tana tsakiyar fili tana juyi, Hausar waƙar duk ta karkace a bakinta. Rawar ranar bakwai ga Oktoba ta daɗi ce. Ta yau ban san sunanta ba, ina kuka ina yi, kuma ban taɓa jin murna mai nauyinta ba.

Na gode. Yau na san na me.

Sai dai kujerar Christy babu kowa har aka tashi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a asibiti

An ce in jira a kan benci, bari in rubuta da sauri.

Da muka fito bakin titi neman keke mai ƙafa uku sai muka tarar da mata tara a tsaye, duk cikin ankon jiya, ko wankewa ba su yi ba. Maman Tagwai ta ce rakiya suka zo, amma huɗu daga cikinsu za su yanki kati a duba su, tunda an zo an zo. Keke uku muka cika.

Muna sauka a ƙofar asibiti na hango kore da ruwan ƙwai a jikin bango. Christy ce, da mijinta, sun riga mu zuwa. Idonta ya kumbura. Ta ce jiya mata uku suka je gidanta ɗaya bayan ɗaya da labarin abin da ya faru a coci. Ta nuna mini katinta, ta ce, "Mama, tsoro nake ji." Na ce ni ma, zo mu ji shi tare. Yanzu haka tana zaune a jikina, ta sha shayi, ta karya azumin.

Matan nan an hana su waƙa da ƙarfi, sai suke yi ƙasa-ƙasa, suna buga cinya a madadin tulu. Yanzun nan wata nas ta fito da fayil a hannu, ta dube mu mu goma sha ɗaya iri ɗaya, kowa na rausaya kai, ta rasa ta inda za ta fara. Ta ce, "Don Allah, wace ce marar lafiyar a cikinku?"

Na ɗaga hannu sama yadda kowa zai gani, na ce, "Ni ce."